Wanda Aka Yanke wa Ƙafa Ya Yi Kuka, Ya Rasa Tawakkali Ke Nan?

'Yan uwa masu karanta wannan takarda ta Juma'a, akwai wata magana da kusan kowa a cikinmu ya taɓa faɗa a bakin gadon mara lafiya: "Ai ka gode wa Allah, tunda da ranka." Magana ce ta gaskiya, ba mai musu. Amma sau da yawa muna faɗinta ne don mu rufe bakin mara lafiyan, ba don mu tuna masa da Allah ba. Mutum an yanke masa ƙafa shekaranjiya, ya buɗe baki zai ce wani abu game da ƙafar, sai mu yi caraf mu ce ya yi haƙuri, wasu ma sun mutu. Shi ke nan ya haɗiye. Tambayar da nake so mu duba a wannan mako ita ce: baƙin cikin da mutum yake yi saboda surar jikinsa ta canza, raunin imani ne, ko kuwa ciwo ne na biyu da shi ma yake buƙatar jinya?

Abin ya shafe mu sosai a nan Legas. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin gudummawar masallaci ya san irin sunayen da ke shiga ciki. Ɗan acaɓa da mota ta take. Ɗan dako da buhu ya karya wa baya. Dattijon da ciwon suga ya ci wa yatsun ƙafa har aka kai ga yankewa. Yaron da ya karye aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure da ƙarfi har jini ya daina gudu, hannun ya ruɓe. Matar da aka cire wa mama saboda sankara. Muna tara kuɗin aiki da na magani, Allah Ya saka wa masu bayarwa. Ranar da aka sallamo mutum kuwa sai mu rufe shafinsa. A wurinmu ya warke. A wurinsa ranar ce aka fara, domin ranar ce zai fito titi mutane su gan shi.

Masu ilimin jinya suna da suna ga wannan al'amari. Da Hausa za mu iya cewa hoton jiki da ke cikin zuciya. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Paul Schilder ya fitar da littafi a kansa a 1935, inda ya nuna cewa kowane mutum yana ɗauke da wata sura ta jikinsa a cikin tunaninsa, kuma wannan sura ba lallai ta yi daidai da abin da madubi ke nunawa ba. Tana ginuwa daga abin da jiki ke ji, da abin da mutum ke tunawa, da kuma yadda mutane ke kallonsa.

Kada wani ya ce wannan surutun Turawa ne kawai. Ga hujja da za ka iya tabbatarwa da kunnenka. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin gaɓar tana nan. Wani zai ce maka babban yatsansa na ƙaiƙayi, alhali ƙafar an binne ta tun watan jiya. Wani cikin dare zai tashi zai yi fitsari, ya sauko daga gado ya taka ƙafar da babu, ya faɗi. Wani kuma zafi yake ji a wurin, zafi na gaske mai hana barci. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell ya rubuta wannan a kan sojojin da aka yanke wa gaɓoɓi a yaƙin basasar ƙasarsu, tun a ƙarni na 19. Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa tana da taswirar jiki, kuma wuƙar likita ba ta kai can ba. Har wani likita mai suna Ramachandran ya fito da dabarar madubi a shekarun 1990: a ajiye madubi ta yadda mutum zai ga hoton hannunsa mai lafiya a gurbin wanda aka yanke, ya riƙa motsa shi, wasu sai zafin ya ragu. Na kawo wannan ne domin a cikinmu idan mutum ya ce yana jin ƙafar da aka yanke, wasu sai su fara zancen iska ko sammu, wasu su ce kansa ya taɓu. Shi kuma sai ya daina faɗa. Ba iska ba ce. A faɗa wa nas ko likita, sun san shi, kuma akwai abin da ake yi a kai.

Daga baya wani ma'aikacin jinya a Ingila, Bob Price, ya sauƙaƙa bayanin a 1990 don amfanin masu aiki a gefen gado. Ya ce hoton nan ƙafa uku gare shi, kamar murhu. Akwai jikin kamar yadda yake a zahiri. Akwai jikin da mutum yake ganin ya kamata a ce yana da shi, wanda ya koya daga gida da gari da abokai. Akwai kuma yadda yake gabatar da jikin ga jama'a, wato sutura da tafiya da tsayuwa da ƙamshi. Muddin ukun suna daidai, tukunya na zaune. Idan ciwo ya tumɓuke ɗaya, mutum zai yi ta ƙoƙarin gyara sauran biyun don kada ta kife. Kuma Price ya ce abu biyu ke taimakonsa: irin dabarar jure wahala da shi kansa yake da ita, da kuma mutanen da ke kewaye da shi. Wannan na ƙarshen mu ne. Ba nas ba ce, ba likita ba ne, mu ne da muke sahu ɗaya da shi.

To yanzu mu koma ga tambayar. Masu cewa kukan rashin gaɓa raunin imani ne suna da abin da suke dogara da shi, kuma bai kamata a raina shi ba. Suna cewa jiki ƙasa ne, ƙasa zai koma. Suna cewa Allah zukata da ayyuka Yake dubawa, ba sura ba. Suna kawo labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, wanda ciwo ya kama ƙafarsa aka yanke ta a Sham a zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, kuma a wannan tafiya ɗansa ya rasu, amma aka ji shi yana godiya a kan abin da Allah Ya bar masa. Duk wannan haka yake.

Sai dai a karanta labarin har ƙarshe. An ruwaito cewa bayan an yanke ƙafar, Urwatu ya sa an kawo masa ita, ya dube ta, ya juya ta, ya yi mata magana, yana shaida cewa bai taɓa taka ta da gangan zuwa saɓon Allah ba. Wannan ba halin wanda bai damu da ƙafarsa ba ne. Bankwana ya yi da ita. Ya san ya yi rashi, ya kalli rashin ido da ido, sannan ya gode. Mu kuwa so muke mara lafiya ya tsallake kallon ya faɗa kan godiyar, don mu samu mu tashi mu koma kasuwa.

Akwai wanda ya fi wannan ƙarfi a wurina. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an sare masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi wari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo shi. Ku duba fa, zinariya haramun ce ga namiji ya sa. Kuma hancin ƙarfe ba ya jin ƙamshi. Babban amfaninsa shi ne mutumin ya iya shiga cikin jama'a da fuska irin ta kowa. Da damuwa da sura wauta ce, da an ce masa ya yi haƙuri, ai da ransa. Ba a ce masa haka ba.

Haka matar nan mai farfaɗiya da labarinta ya zo a Bukhari. An ba ta zaɓi tsakanin addu'ar warkewa da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Amma ta roƙi abu ɗaya, a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi. Aka yi mata. Ta yarda ta ɗauki ciwon, ba ta yarda ta ɗauki tozarci ba, kuma ba a ce haƙurinta ya ragu saboda haka ba. Idan ka lura, ƙafa ta uku ce ta murhun Price take magana a kai, ƙarni goma sha uku da wani abu kafin a haife shi.

Saboda haka ni dai abin da na fahimta, kuma na bar wa malamanmu gyara, haƙuri shi ne kada ka yi fushi da hukuncin Allah, kada harshenka ya faɗi abin da bai dace ba. Ba shi ne kada ka ji zafi ba. Wanda ya yi kuka don ba zai sake durƙusawa a sujada kamar da ba, ko matar da ta kasa kallon ƙirjinta bayan aiki, ba su yi jayayya da ƙaddara ba. Amana aka ba su, sun saba da ita shekara talatin ko hamsin, an karɓi wani ɓangare.

A nan ne aikin jinya yake da muhimmanci fiye da yadda muke ɗauka. Likita zai yi aiki ya wuce, ya dawo zagaye na minti biyar. Nas ce take kwance bandeji. Ita ce mutum na farko da zai ga dungun, kuma mara lafiya ba dungun yake kallo ba a lokacin, fuskarta yake kallo. Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ta yamutsa fuska ko ta toshe hanci, ya gama yanke wa kansa hukunci. Shi ya sa a karatunsu ake koya musu abubuwan da mai kallo zai ɗauka ƙanana ne: a ja labule kafin a buɗe jiki, a faɗa wa mutum abin da zai gani kafin ya gani, kada a tilasta masa kallon ciwon ranar farko amma kuma kada a bar shi ya koma gida bai taɓa kallo ba, a sa shi ya fara taɓa wurin da hannunsa, a koya masa wankin ciwon da kansa, a kira shi da sunansa ba da lambar gado ba. A cikin jerin matsalolin da ma'aikatan jinya ke tantancewa su rubuta a fayil, rikicewar hoton jiki tana da gurbinta, kamar yadda zafi da rashin barci ke da nasu. Kuma wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ.

Wani abu da binciken masana ya yi ta nunawa, kuma ya ba ni mamaki, shi ne girman tabo ba shi ke nuna girman damuwa ba. Za ka ga wanda wuta ta ƙone rabin jikinsa ya koma harkarsa, ga wani da ɗan tabo a leɓe ya daina fita. Abin da ya fi tasiri shi ne ma'anar da mutum ya ba wa abin, da yadda na kusa da shi suka karɓe shi. Wannan ya rushe ma'aunin da muke amfani da shi wajen dubiya, inda muke cewa "ai naka da sauƙi, je ka ga na gado na gaba." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma ba duk abin da ke cikin littattafan nan ne ya yi daidai da mu ba. A Ingila an tsara wata takardar tambayoyi guda 10 a 2001 don auna wannan damuwa a wurin masu sankara. Ciki ana tambayar mutum ko yana jin wuyar kallon kansa tsirara, ko yana jin sha'awar da ake yi masa ta ragu. Ka ɗauki wannan takarda ka kai wa Bahaushiya mai shekara hamsin, da Turanci, ta bakin ɗanta namiji da ya zo yin tafinta. Me za ta ce? "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Sai a rubuta ba ta da matsala. Alhali damuwarta tana wani wuri da takardar ba ta leƙa ba. Shin alwalata tana nan? Zan iya shiga sahu da wannan jaka a cikina? Mijina zai ƙaro aure? Kishiya ta sani? Wa zai yi mini wanka idan na mutu, ya ga abin da nake ɓoyewa? Jiki a wurinmu ba na kallo kaɗai ba ne. Da shi ake tsarki, da shi ake sallah, da shi ake ɗaukar kaya a ci abinci. Ɗan dako da ya rasa hannu ba kyau yake tunani ba, tunaninsa shi ne daga yau shi wane ne a gidansu can Arewa, inda ake jiran saƙonsa duk wata. Duk ɗanmu ko 'yarmu da ke karatun jinya yana neman abin da zai yi bincike a kai, ga fili nan.

Maganar tsarki kuwa, don Allah kada wani ya daina sallah ko zuwa masallaci a kan zato. Fiƙihu bai bar wannan ba. Akwai hukuncin shafa a kan bandeji. Akwai hukuncin wanda aka yanke wa gaɓa, ya wanke abin da ya rage na wurin da aka wajabta wankewa. Akwai babin mai uzurin da fitsari ko wani abu ke fita masa ba da ikonsa ba, kuma malamai sun yi bayanin masu jakar bayan gida a ƙarƙashinsa. A zo a tambayi Liman a keɓe. Kunya ta hana mutane da yawa tambayar nan, suna zaune a ɗaki suna ganin kansu najasa.

Mu duba yoyon fitsari, wanda ya fi kowane ciwo nuna abin da nake faɗa. Mace ta yi doguwar naƙuda, galibi jaririn ya mutu, ita kuma ta tashi da yoyo. A Babbar Ruga ta Katsina likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa yana ɗinke irin wannan, kuma aikin yana yin nasara ga mafi yawansu. To amma kafin ta kai asibiti an raba mata kwano, an raba mata tabarma, wata an sake ta. Ɗinki yana rufe ɓular da ke jiki. Matar da ta yi shekara biyar tana zama nesa da mutane, ko bayan ta bushe, sai ka ga tana shinshina zaninta kafin ta shiga taro. Haka yaran da cutar noma ta ci wa kumatu da leɓe, waɗanda ake yi wa aiki a asibitin yara na Sakkwato da aka keɓe don ita. Cutar ba ta da alaƙa da noman gona, suna ne kawai ya zo ɗaya, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Likita zai gyara fuskar. Ko yaron zai koma makaranta, wannan ya danganta da bakin 'yan ajinsu da na iyayensu.

Bakin namu kuwa, sai a hankali. Mu ne masu Audu Gurgu, Sani Dungu, Mai Ido Ɗaya. Mutum yana da sunan da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa, rana ɗaya babur ya kayar da shi, sai sunan ya bi ƙafar. Za a ce ai wasa ne, shi ma yana amsawa. To ya zai yi? Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙabin da mutum ba ya so, kuma lokacin da wasu sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud, Annabi bai bar abin ya wuce a matsayin wasa ba, ya faɗa musu nauyin ƙafafun nan a mizani. Ata'u ɗan Abi Rabah an siffanta shi da gurgunta da shanyewar hannu da ido ɗaya, daga baya ma ya makance, amma shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Ba wanda ya ce masa ga kwano je ka bakin titi.

Mu muna faɗa, ko da ba da baki ba. Al'adarmu ta sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare tana da alherinta, domin ta ba mutane shugabanci da 'yan uwa da wurin kai kuka, kuma duk wanda ya je Ebute Metta ya ga yadda suke riƙe junansu. Sai dai ta kuma shimfiɗa hanya guda ɗaya a gaban duk wanda ya nakasa. Saurayi mai shekara ashirin da biyar, ya iya lissafi, ya san kasuwa, ya san gari, an yanke masa ƙafa ɗaya. Maimakon a ce ga teburin goro ko na cajin waya, sai ka ji ana cewa "ai yanzu sai dai a taimaka masa." A bara kuwa dungun shi ne jari, dole a buɗe shi a nuna. Wato abin da nas ta yi makonni tana koya masa, cewa shi mutum ne mai dungu ba dungu mai mutum ba, mu sai mu warware shi cikin wata ɗaya da sadakar naira ɗari. Ƙafar roba ana yinta a asibitin ƙashi na Igbobi nan kusa da mu, ana yi a Dala ta Kano. Kuɗinta da ɗan jari sun fi sadakar shekara goma amfani, kuma idan an lissafa ba su kai ta yawa ba.

Ga maza kuma magana ɗaya. Cikin abin da ke sa mata ɓoye ƙullutu a mama har sai ya fashe, akwai tsoron abin da miji zai yi idan an cire. Wasu an faɗa musu a asibiti cewa aiki ne mafita, sun gudu sun koma jiƙe-jiƙe, sun dawo lokacin da ba abin da za a iya yi. Kalma ɗaya daga bakin mijin, tun ranar farko, cewa yana nan ko da me, tana iya zama bambancin zuwa da wuri da zuwa a makare. Kuma idan an yi aikin, nas za ta so ta yi magana da ku biyun. Kada ka tsaya a waje kana danna waya.

Yawancin nas-nas da ke jinyar mutanenmu a nan ba sa jin Hausa, kuma aiki ya yi musu yawa, nas ɗaya ga gadaje masu yawa. Ko tana da niyyar zama ta saurari mara lafiya, harshe ya raba su. Saboda haka muna neman mata uku ko huɗu masu jin Turanci ko Yarbanci, masu riƙe sirri, da za su riƙa raka 'yan uwa mata asibiti don tafinta, musamman ranar da za a fara buɗe ciwo da ranar sallama. Muna kuma neman maza biyu da aka taɓa yi wa irin wannan aiki suka koma sana'arsu, waɗanda za su yarda su ziyarci sabon da aka yi wa, domin maganar wanda ya taka hanyar ta fi tamu shiga. Mai sha'awa ya same ni a ofis bayan sallar Juma'a, mata kuma su ba da suna ta wurin shugabar Islamiyya. A littafin gudummawa za mu ƙara layi ɗaya a gaban kowane suna, na ziyara bayan wata ɗaya da sallama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wassalamu alaikum.